SHEKARA HUƊU INA SHAƘAR MAGANIN ASMA, ASHE CIWON A MAƘOGWARO YAKE

 Yau labarin kaina na kawo muku, kuma na daɗe ina juya shi a raina kafin in yarda in ɗauki biro, domin akwai wuraren da in na tuna har gobe sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Abin da ya sa na daure shi ne, na tabbata cikin masu karanta wannan shafi ba za a rasa wadda ke yawo da inhela a jaka ba, tana shaƙa ba ta jin sauƙi, a gida ana ce mata raki ne, a makaranta ana ce mata iyayi, ita kuwa ta rasa bakin da za ta yi bayani. To 'yar uwa, gyara zama.

RANAR DA ABIN YA FARO

A shekarar 2014 ne, ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, shekarata 15. Ni ce mai yi wa gidanmu gudun mita 400 a gasar wasannin gidaje, kuma ba yabon kai ba, ba a cika ganin ƙeyata a kamo ni ba. Ranar hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Na sha kwanar ƙarshe ke nan, ina kan gaba, 'yan gidanmu na ta tsalle suna kiran sunana, kawai sai na ji kamar an zura igiya an shaƙe mini wuya. Na ja iska ta ƙi shiga. Na sake ja da ƙarfi, sai wata siririyar ƙara ta fito daga maƙogwarona kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Nan na durƙushe a tsakiyar fili ina riƙe da wuya, ina ganin mutuwa muraran.

Abin mamaki, kafin a kai ni ɗakin shan magani, abin da bai fi minti 3 ba, numfashina ya dawo garau kamar ba ni ba. Matar da ke kula da mu ta dube ni ta ce, "Asma ce, in an yi hutu iyayenki su kai ki asibiti." Da aka yi hutun Umma ta kai ni wani ƙaramin asibiti, likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjina bai ji komai ba, amma da ya ji labarin gudu da sarƙewar numfashi sai ya rubuta mini shuɗiyar inhelar nan da kowa ya sani. Daga ranar na zama "mai asma", aka cire sunana daga 'yan gudu.

SHEKARUN WAHALA

Ke dai bari 'yar uwa. Abu ya tashi daga filin wasa ya biyo ni har ɗaki. In aka sa turaren wuta sai ya tashi. In ana soya tattasai sai ya tashi. Hayaƙin janareta, maganin sauro, ƙurar shara, har ranar jarrabawar lissafi sai da ya tashi ina zaune ban motsa ba. In shaƙi inhela sau biyu, sau huɗu, sau shida, gabana ya yi ta bugawa, hannuwana na karkarwa, amma wuya na nan a ɗaure sai lokacin da ya ga damar saki. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce ai asmar tawa mai ƙarfi ce, ya haɗa ni da wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi, waɗanda daga baya na san sitiroyid ne. Na yi ta sha ba ƙa'ida, fuskata ta cika ta yi zagaye kamar faranti, ƙawaye na cewa hutu ya karɓe ni, ba su san ciwo ne a kan ciwo ba.

A gida kuwa kowa da fassararsa. Yayanmu ya ce ƙarya ce, duk ranar girkina ne abin ke tashi. Goggo ta ce ita ba ta taɓa ganin asmar da ke gudun turare ba, wannan iska ce, a nemo mai magani. Aka kawo wani garin hayaƙi aka lulluɓe ni da zane a kan kasko, ai kuwa ko minti ɗaya ban yi ba na fara wannan ƙara ina fizge-fizge, Goggo na cewa, "Kun gani ko? Ga shi nan yana ƙonewa!" Ni dai na san addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, kuma ban taɓa raina ta ba, amma hayaƙin nan wallahi shi ya kusa kai ni lahira.

DA AURE YA ZO

A 2018 ina kwalejin ilimi Allah ya haɗa ni da wani saurayi malamin makaranta, mai sanyin hali da kunya. Magana ta yi nisa, manya suka shiga, aka kawo kuɗin gaisuwa, saura sa rana. Sai yayarsa ta haihu, ni da ƙawata muka ci ado muka tafi suna. Kun dai san ɗakin mai jego ranar suna: kasko biyu na turaren wuta, ga humra, ga mata maƙil an rufe taga. Na durƙusa zan gaida mahaifiyarsa ke nan, ko "ina wuni" ban ƙarasa ba abin ya shaƙe ni a gaban dangin miji kaf. Aka yi waje da ni ana yi mini fifita, ɗankwalina a hannun wata, takalmina a hannun wata.

Ba a yi sati ba saƙo ya iso gidanmu cewa a ɗan dakata da maganar sa rana. Muka ji a bakin mutane wai danginsa sun ce asma gado ce, ba za su zuba ido a kawo musu ita cikin zuri'a ba, kuma macen da ba ta iya zama da turare ina ita ina ɗakin miji? Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Ran nan da daddare sai ga shi ya zo zance. Na fito idanuna a kumbure, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ranki ya daɗe, ni fa akwai abin da na lura da shi. Ƙanena yana da asma tun yana yaro, ni nake kwana da shi. In ta tashi masa ƙirji yake dafewa, ke kuwa wuya kike riƙewa. Shi wajen fitar da numfashi yake shan wahala, ke wajen ja. Shi in ya shaƙi inhela ba a jimawa ya samu kansa, ke kuwa kin ce ba ta yi miki komai. Anya ciwonku ɗaya?"

Shekara huɗu ba wanda ya taɓa tsayawa ya dubi abin haka. Washegari ya sami Baba da maganar cikin ladabi, Baba ya ce Umma ta kai ni babban asibitin koyarwa.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Likitar ƙirji muka fara gani. Ta sa na yi gwajin hura iska a wata na'ura, kafin in shaƙi magani da bayan na shaƙa, ta ce huhuna lafiya lau. Sai ta ce, "Nuna mini da yatsa inda yake kama ki." Na ɗora yatsa a maƙogwaro. Ta gyaɗa kai, ta tura mu sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ta ce mu taho da turaren da ya fi tayar mini da shi.

A can likita ya fesa mini maganin kashe zafi a hanci, ya zura wani siririn bututu mai kyamara a baki, kaurinsa bai fi na taliya ba sosai, har ya leƙa maƙogwarona, hoton na fitowa a talabijin. Na ga wasu 'yan fararen jijiyoyi guda biyu suna buɗewa suna rufewa kamar ƙyauren ƙofa mai ɓari biyu. Ya ce su ne jijiyoyin murya. Sai aka ɗiga humrar Umma a auduga aka kawo kusa da hancina. Wallahi ina kallo, ina jan numfashi ƙofar nan maimakon ta wangale sai ta tsuke, ta bar wata 'yar kafa, ƙarar nan ta fito. Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, ashe yarinyar nan gaskiya take faɗa." Wannan kalma ta fi mini duk maganin da na sha daɗi.

Ga bayanin da likitan ya yi mana. Jijiyoyin murya suna bakin bututun da ke kai iska huhu. In za ki yi magana sai su matso su haɗu, iska ta kaɗa su murya ta fito. In za ki haɗiyi abinci sai su rufe don kada ki ƙware. In za ki ja numfashi kuwa sai su buɗe. Wato masu gadin huhu ne. To a wurin wasu mutane mai gadin ya cika zargi, da ya ji ƙamshi mai ƙarfi, ko hayaƙi, ko iska mai sanyi, ko gudu ya yi gudu, ko tsoro, sai ya banko ƙofa a daidai lokacin da ya kamata ya buɗe. A wasu masu wasanni ma naman da ke saman jijiyoyin ne ke faɗowa ciki ya tare hanya. Asma kuwa can ƙasa take, cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, su ne ke kumbura su tsuke, kuma can inhela ke aikinta. Shi ya sa ni ba ta yi mini komai, ana ta ba huhu magani alhali ƙofar sama ce a rufe.

Ya ce likitoci sun daɗe suna taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, VCD. Umma ta ce, "Irin na kallon fim?" Muka yi dariya. Ya ce a yanzu an fi kiransa ILO, sunan da ƙungiyoyin likitocin huhu da na maƙogwaro na Turai da Amurka suka fitar a 2015. Ni dai a Hausance tsukewar maƙogwaro nake ce masa.

BA NI KAƊAI BA CE

Da na koma gida na shiga bincike, sai na tarar an daɗe ana yi wa mata irina rashin adalci. Tun a 1842 wani likita a Amurka mai suna Robley Dunglison ya rubuta labarin irin wannan shaƙewa, amma ya danganta ta da ruɗewar hankalin mata. A 1974 ma wasu likitoci suka laƙaba mata wani suna mai nufin majiyyacin ne ke ƙirƙiro ciwon da kansa. Sai a 1983 Dakta Kent Christopher da abokan aikinsa a wani asibitin cututtukan huhu da ke birnin Denba na Amurka suka buga bayanin mutum 5 da aka daɗe ana yi wa maganin asma mai tsanani, da aka leƙa maƙogwaronsu aka ga jijiyoyin murya ne ke rufewa. A cikin tawagar akwai wata mace ƙwararriyar gyaran magana, Florence Blager, wadda ta yi fice wajen koya wa irin waɗannan majiyyata dabarun numfashi.

A 1995 wannan asibiti ya sake duba mutum 95 masu ciwon, mafi yawansu mata. 53 daga ciki suna da shi kuma suna da asma a tare. Sauran 42 ba su da asma sam, amma a tsakaice sun yi kusan shekara 5 ana yi musu maganinta. A 2006 likitoci a birnin Bargen na ƙasar Noway suka fito da hanyar sanya kyamarar a hancin mutum yana cikin gudu a kan na'ura, don a kama abin a lokacin da yake faruwa. Wani bincike a Denmak a 2011 ya gano irin wanda gudu ke tayarwa a kashi 7.5 cikin 100 na matasa 'yan shekara 14 zuwa 24, wani kuma a Suwidin a 2015 ya samu kashi 5.7 cikin 100 na 'yan makaranta. Kun ga ashe ba baƙon ciwo ba ne, gane shi ne ke wuya.

NI DA BA NA IN'INA?

Da likita ya ce maganina na wurin malamar gyaran magana, sai na ce, "Likita, ni da ba na in'ina?" Ya ce ai masu wannan aiki ba in'ina kaɗai suke gyarawa ba, su ne masana maƙogwaro, su ke koya wa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki magana da haɗiya, su ke gyara muryar da ta dushe, kuma su ke koya wa maƙogwaro irin nawa ya daina rufe ƙofa.

Malamar wata dattijuwa ce mai fara'a. Ranar farko ta ce in ja numfashi ta gani. Na ja, kafaɗuna suka ɗaga har kunne, jijiyoyin wuyana suka miƙe. Ta ce, "'Yata, da wuya kike numfashi, za mu mayar da shi ciki." Ta kwantar da ni ta ɗora littafi a kan cibiyata, ta ce littafin nake so ya riƙa hawa yana sauka, kafaɗu su zauna lafiya. Sai da na yi sati ina wannan a gida, a kwance, sannan a zaune, sannan a tsaye.

Zama na biyu ta koya mini abin da zan yi in ya taso. Da farko in tsaya cak, in saki kafaɗu, in saki muƙamuƙi, harshe ya kwanta a ƙasan baki. Sai in shinshini iska ta hanci da ɗan sauri, kamar mai son jin ko miya ta ƙone, domin shinshina da kanta tana sa jijiyoyin murya su buɗe. Sai in tsuke leɓe in fitar da iskar a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, ko in fitar da ita da sautin "sss", fitarwar ta fi jan tsawo. In maimaita har ya lafa. Ta ce kuskuren da nake yi shi ne wangale baki ina fizgar iska da ƙarfi, wanda ke ƙara tsuke ƙofar, ga tsoro na ƙara ɗaure wuya.

Ta ja mini kunne a kan abu ɗaya: "Ba ranar yaƙi ake koyon harbi ba." Ta ce in riƙa yi lokacin da nake lafiya lau, numfashi biyar-biyar sau da yawa a yini, har jiki ya haddace. Sai na ɗaura shi a kan abubuwan da ba na mantawa, bayan kowace salla, kafin in ci abinci, in na hau adaidaita, in na kwanta. Ta kuma koya mini gane alamar farko, wani ɗan ƙaiƙayi da nauyi da nake ji a wuya kafin ya rufe, ta ce a nan ake tarar sa.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma sun yi aiki. In daina yawan gyaran murya da kaki, in na ji abu ya tsaya mini in kurɓi ruwa in haɗiye. In yawaita shan ruwa, musamman da hunturu. Likita ya yi mini maganin ƙwannafi, domin ruwan ciki mai tsami da ke tasowa yana fusata maƙogwaro, aka ce in bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Ƙwayoyin mai kemis kuwa likita ce ta janye mini su sannu a hankali, ta ce wanda ya daɗe yana shan su haɗari ne ya yanke rana ɗaya.

A zama na huɗu malamar ta sa na yi ta hawa bene ina sauka ina numfashin da ta koya mini. A na biyar ta buɗe kwalbar humra a can nesa, tana matsowa da ita kaɗan-kaɗan. Na ji ƙaiƙayin ya taso, na shinshina, na hura, na shinshina, na hura. Ya tsaya, ya koma. Na fashe da kuka, ita kuwa tana ta dariya tana cewa, "Kin ga mai gadin ya fara jin magana."

YADDA AKA ƘARE

Malamin nawa ya ɗauki takardar asibiti ya kai wa mahaifiyarsa, Umma kuma ta taka da kanta ta ba ta labarin abin da ta gani a talabijin. Baiwar Allah ta ce a gafarce ta, tsoro ne irin na uwa. Ni kuma a raina na ce ko da asmar ce ai ba abin fasa aure ba ce, ga ɗanta nan na cikinta yana da ita yana zaune lafiya da maganinsa. Aka sa rana, aka ɗaura aure a 2019. Ranar kamu an yi turare, sai dai na roƙi a bar taga a buɗe, kasko kuma a bakin ƙofa. Sau ɗaya ya taso mini a cikin lulluɓi, na yi abin da aka koya mini, ko ƙawata da ke gefena ba ta sani ba. Ba zan ce muku ya tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo in na yi mura ko raina ya ɓaci, amma yanzu na san abin da zan yi masa.

SAƘONA GARE KU

Ƙannena, kada wadda ta karanta wannan ta je ta jefar da inhelarta. Asma gaskiya ce kuma tana kisa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da ita a 2019, ta kuma kashe 455,000 a shekarar. Kun kuma ji da kunnenku cewa mutum kan haɗa biyun. Likita ne kaɗai zai raba gardama. Duk wadda numfashinta ya sarƙe ya ƙi saki, ko leɓɓanta suka canza launi, ko ta kasa magana, ko fuska da harshe suka kumbura, a garzaya da ita asibiti, ba lokacin shinshina ba ne.

Amma ki lura da kanki. A wuya yake kama ki ko a ƙirji? Wajen jan iska ne ko wajen fitarwa? Kina tsakiyar gudu yake zuwa ya tafi da kin tsaya, ko kuwa sai bayan kin huta da 'yan mintuna yake tasowa, kamar yadda asma ta saba? Muryarki kan dushe a lokacin? Inhela na yi miki aiki? Ki rubuta amsoshin a takarda. In ya taso ki sa wata ta ɗauke ki a waya, hoto da sauti, domin sau da yawa kafin a isa gaban likita ya lafa. Ki nemi a yi miki gwajin hura iska, in huhu lafiya ki roƙi a tura ki sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ki kuma tambayi inda za ki sami masu gyaran magana. Ba su da yawa a ƙasar nan, amma akwai su.

Iyayenmu mata da malaman makarantun kwana, don Allah in yarinya ta ce wuyanta ya shaƙe a saurare ta kafin a ce raki ne. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya haɗa kowace da miji mai lura. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.